Jakar Tampol da Yaya Ya Ɗinka

Matar mutumin da abin ya faru da shi ce ta fara ba ni wannan labari, ranar da muka haɗu a bencin asibiti muna jiran a auna mana jini. Ba ta yi kuka ba. Ba da labarin kawai take yi, idonta a kan bango. Ni ma haka zan ba ku, 'ya'yana, yadda na ji shi.

Akwai wani mutum da abokansa suke kira Sikeli. Ma'aikacin ofis ne, amma ransa yana wajen tafiyar ƙafa, irin ta masu goya jaka su shiga daji su hau duwatsu kwana da kwanaki, ba don an kore su ba, don nishaɗi kawai. Ni dai ban gane ba, amma kowa da abin da ke faranta masa rai.

Sunan ya samo asali ne daga ɗan sikelin da ya ajiye a teburin falo. Duk abin da zai shiga jakarsa sai ya hau sikelin nan. Buroshin haƙori ya gutsure masa mariƙi. Cokali ya huhhuda shi. Har ɗan ƙyallen da ake liƙawa a wuyan riga yake yankewa, wai nauyi ne. Matar ta ce ta taɓa tambayarsa ko ita ma ta hau sikelin, ya ce ai shi ya sa ba ya tafiya da ita.

Yana da yaya, tela, wanda ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu. Sai ciwon ido ya kama Yaya. Likita ya ce ganin zai riƙa tsukewa daga gefe har ya rufe, magani sai dai ya jinkirta.

A bangon shagon Yaya akwai hoton da ƙanen ya ɗauko a wata tafiyarsa, wani tafki ne a can saman dutse. Ran nan Yaya ya tsayar da keken ɗinki, ya nuna hoton ya ce, "Auta, ka kai ni in ga ruwan nan da idona kafin a kashe mini fitila."

Sikeli ya yi murna, ya ce wannan tafiya sai an tsara ta yadda ba a taɓa yi ba.

Kafin mako ya zagayo Yaya ya ɗinka wa kansa jaka da tampol, mai kauri, da zif babba da aljihuna ko'ina. Ya kawo ta yana dariya. Sikeli ya ɗora ta a sikeli, ya girgiza kai. Ya ce jakar ita kaɗai ta fi tantinsa nauyi, za ta karya wa Yaya baya. Ya ce akwai wata mara nauyi da zai sa a aiko daga waje, a ɗan jira.

Yaya ya ce shi da ya goyi Auta yana ƙato, jaka ce za ta gagare shi? Amma ya jira.

Daga jaka aka koma takalmi. Sikeli ya sayo na hawan dutse, ya ce sabon takalmi ba a yin doguwar tafiya da shi, sai ya yi laushi. Yaya ya riƙa zagaya layinsu da shi kowace safiya, maƙwabta suna tsokanarsa wai ya shiga soja da tsufa. Daga nan sai tanti, wai na mutum ɗaya gare su. Daga nan damina ta sauka, hanya ta yi santsi. Jakar waje kuma shiru.

Matar ta ce ta yi masa magana, ta ce idon Yaya fa ba ya jiran kaya. Ya ce mata ba ta san dutse ba.

Ranar da jakar ta iso, ya ɗauke ta ya nufi shagon. Ya tarar an lulluɓe keken ɗinki da zane. Yaya yana zaune a kujerar masu jira. Da ya ji sallamar ƙanensa sai ya miƙa hannu, amma gefen da babu kowa ya miƙa.

Sikeli ya ɗora masa jakar a cinya. Yaya ya shafa ta, ya ɗaga, ya ce, "Lallai ba nauyi. Wace kala ce?"

Sikeli ya dawo gida ya zauna a falo. An kawo abinci, an ɗauke yadda aka kawo. Ya ci gaba da zuwa ofis yana dawowa, idan an yi magana ya amsa, shi ke nan.

Yaya bai taɓa ɗora masa laifi ba. Shi ne ma ya kira shi a waya ya ce takalmin fa ya yi laushi, kada wahalarsa ta tafi a banza.

Suka tafi. Sikeli ya zuba kayan su biyu a jakar tampol, bai auna ko tsinke ba. Ya goya. Yaya ya riƙe igiyar jakar ta baya, yana taka inda aka ce ya taka. Kafaɗun Sikeli suka saɓule, ya ci gaba da hawa.

Da suka kai saman suka zauna a bakin tafkin. Yaya ya ce, "To, me kake gani?"

"Ruwa ne, Yaya."

"Kamar na hoton?"

"Ya fi shi."

Yaya ya ce to. Ya cire takalmi ya tsoma ƙafafunsa a ciki, ya ce akwai sanyi. Suka daɗe a zaune. Sannan suka sauko.

Matar ta ce yanzu sikelin yana kicin, fulawa take aunawa da shi. Jakar waje tana saman durowa a cikin ledarta. Tana kaiwa nan aka kira ta ɗakin awo, ta tashi ta shiga.

Ni ma ina da yaya da ta daɗe tana cewa in zo mu kwana biyu. Yarana suna ta cewa in bari su sayo mini takalmin masu ciwon gwiwa. Washegari da safe na zura tsohon silifas ɗina, na ɗaure kaya a ɗankwali, na fita bakin titi na tari mota.

Darasi: Shiri yana da kyau, amma wanda za ka yi wa alherin ba lallai ya iya jira ba. Idan naka ya roƙe ka abu alhali yana da sauran ido da ƙafa, ku tafi da abin da ke hannu. Ku tura wa duk wanda kuka san yana can yana auna kaya.