Lantana da Tukunyar Gizo

"Ku matso kusa da wuta. Ga ta nan, ga ta nanku!"

"Ta zo mu ji ta, Kaka!"

Wata shekara aka yi ɗari irin wanda ko kare ba ya iya haushi. A bakin wani tafki akwai wata kwaɗuwa, sunanta Lantana, da 'ya'yanta fal. Ruwa ya janye ya bar taɓo, abinci ya yi wuya, yara sai makyarkyata suke. Lantana ta duba autanta, ta ga ko tsalle ya kasa. Hankalinta ya tashi.

Ta je wurin Kaza. "Yaya Kaza, yaya kike yi da naki?"

"Rufe su nake yi da fukafuki."

Lantana ta dubi jikinta, sumul. Ta wuce wurin Kunkuru.

"Baba Kunkuru, kai fa?"

"Ni ɗakina a bayana yake."

Ta shafa bayanta, babu ɗaki. Tana tafe tana hawaye, sai ga Gizo, uban 'yan son banza, cikinsa na kukan yunwa.

"Haba 'yar'uwa, kuka ina raye? Ai ruwan ɗumi nake da shi a gida, kyauta! Kwaso su duka, kada ki bar ko ɗaya."

Murna ta rufe wa Lantana ido. Ta kwaso yara zuwa gidan Gizo, tsulum, tsulum, ita da su suka faɗa tukunyar da ke kan murhu. Kai, daɗi! Har auta ya fara iyo.

Gizo ya tura itace. "Ya ɗumi?"

"Madalla!"

Ya ƙara turawa. "Yanzu fa?"

"To, ya isa haka."

Ya sake turawa, yana lasar baki. Sai Lantana ta ji ƙarar turmi. Ta leƙo, ta hango Ƙoƙi matar Gizo tana daka daddawa da barkono.

"Malam Gizo, wankan gidanku har da daddawa ake yi?"

"A'a, maganin sanyi ne!"

Ai kun sani, ruwan zafi ba wurin wasan kwaɗo ba ne. Lantana ta kurma ihu: "Yara, ku yi tsalle!" Firit, firit, tukunya ta zama wayam. Gizo ya suri murfi ya bi su a guje, ƙafafu takwas, yana cewa, "Ku tsaya, ban sa gishiri ba!"

Suka iso tafki, babu ruwan ɓuya, sai taɓo. Lantana ta ce, "Ku tona!" Suka tona da ƙafafun baya, Gizo ya cusa hannu. Suka ƙara nutsewa, ya cusa har kafaɗa. Suka nutse can ƙasa, Gizo ya lalubo wofi, yatsunsa suka sandare, ya koma gida ya sha ruwan daddawa.

Can cikin taɓo kuwa, Lantana ta ji abin mamaki: iska ba ta kaiwa, sanyi ya tsaya a sama. Auta ya daina rawar jiki. Suka lafe, numfashi kaɗan-kaɗan, barci ya kwashe su, ba ci ba sha. Ba su farka ba sai da ruwan farko ya jiƙa ƙasa. Lantana ta ƙirga 'ya'yanta, babu wanda ya ɓace. Suka ɓarke da waƙa har Gizo ya toshe kunne!

Tun daga nan, da sanyi ya shigo, kwaɗi sai su shige taɓo su kwanta. Ku kuma ku riƙe wannan: kafin ka kai kukanka gidan mayunwaci, duba abin da Allah ya ajiye maka a ƙarƙashin ƙafarka.

Ƙurunƙus kan kusu! Ba don Gizo ba, da na shirga muku ƙarya.