Mai Mabuɗai da Gidajen da Ya Kulle

An yi wani mutum a nan Kankiya. Ba zan kama sunanshi ba, don jikokinshi na cikinmu, kuma mutanen kirki ne. Dillalin gidaje ne. Tun yana saurayi yake haɗa mai saye da mai sayarwa, a ba shi la'adarshi ya yi godiya. Yana da gidan da ya gada wurin mahaifinshi, yana da gona mai kyau a hanyar Kusada, ga matarshi Kubura, ga 'ya'ya ƙanana. Ya 'yan uwa, me ya rage wa wannan bawa in ba alhamdu lillahi ba?

Sai shekarun kuɗin mai suka zo. Dattawan da ke nan sun san lokacin. Aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, aka turo malaman makaranta da na gona da na asibiti. Mutanen ƙauye ma suka kwararo, kowa na son ya matso kusa da titi da kasuwa. Gari ya cika, gidaje ba su ƙaru ba. Zauren da awaki ke kwana ciki ya zama ɗakin magidanci da iyalinshi. In aka ji magada za su sayar da gida, kafin a tashi daga zaman makoki masu saye sun fara sallama.

Mutumin nan ya duba, ya ce a ranshi, har yaushe zan tsaya tsintar la'ada wasu na kwasar riba? Ya sayar da gonar. Ya shiga sayen gidaje da kanshi. Amma fa ba don ya sayar wa mai buƙata ba. Da ya saya sai ya ja ƙyaure ya garƙama kwaɗo. Lissafinshi shi ne, bana da tsada, baɗi za ta fi tsada. Abin da masu ɓoye hatsi ke yi da rumbu, shi ya yi da gidaje.

Mabuɗan ya zura su a igiyar fata ya jefa a aljihun 'yar ciki. In yana tafe sai ka ji kacau-kacau kafin ka gan shi. Mutane suka sa mashi Mai Mabuɗai. Don zambo suka sa, shi kuwa daɗin sunan yake ji.

Kun san al'adar ciniki a ƙasar nan. In mai saye ya taya, tayin bai yi ba, mai kaya ba ya cewa a'a. Cewa yake, "Albarka." In tayin ya yi kuma ya ce, "Na sallama." Kakanninmu masu ladabi ne, ko ƙi za su yi sai sun haɗa maka da addu'a. To wannan kalma mai kyau ita mutumin nan ya mai da sandar korar bayin Allah. Malamin makaranta ya zo, albarka. Mai shirin aure ya zo, albarka. Kai, wani tun bai gama gaisuwa ba an ce mashi albarka!

Ana nan sai ga wani tela, Dabo, mutumin ƙauyen Ƙofa. Ya kawo keken ɗinkinshi Kankiya neman abinci. Shi da matarshi Mairama a wata 'yar rumfa suke kwana bayan shago, ita kuma ga tsohon ciki. Dabo ya sayar da shanunshi na huɗa, ya taya wani ɗan ƙaramin gida cikin na mutumin nan. Ran nan aka yi sa'a, a gaban shaidu ya ce, "Na sallama." Aka bar magana sai bayan kasuwa a kawo kuɗi.

Kafin nan Mai Mabuɗai ya ji ana hira a tasha, wai za a ƙara turo ma'aikata. Da Dabo ya zo da kuɗinshi, mutumin nan ko kallon su bai yi ba.

Ya ce, "Albarka."

Dabo ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ka riga ka sallama."

Ya ce, "Ran nan na sallama. Yau kuma albarka."

Dabo ya mai da kuɗinshi aljihu. Sannan ya ce, "To don Allah ka ba ni aron shi. In zauna, in yi maka yaɓe, in gyara indararo. Ranar da ka samu mai saye in fita. Ga hadari ya fara haɗuwa, mai ɗakina kuma ta kusa."

Ya kaɗa mabuɗai ya ce, "Albarka."

Subhanallahi! Ya 'yan uwa, a da wanda ke da gida babu kowa ciki, shi ke roƙon mutane su shiga. Me ya sa? Gidan ƙasa ba kwano ba ne da za ka kife ka tafi. Kowace bazara sai an hau soro an cike tsaga, an shafa makuba. Sai an zare ciyawa da sheƙar tsuntsu daga indararo, an buɗe rariya don ruwan tsakar gida ya samu mafita. Hayaƙin murhu da shara da idon mutanen gida su ke korar gara. Mutumin nan cikin gidan ƙasa aka haife shi, ya san wannan sarai. Tsoronshi guda, kada wanda ya shiga ya ƙi fita ranar da farashi ya kai inda yake so.

Amma Allah ba ya barin bawanshi a waje. Akwai wata tsohuwa mai daddawa, Iyatu, 'ya'yanta sun tafi aiki Kaduna sun bar ɗakuna biyu. Ta ji labari ta aika aka kira Dabo. Da ya tambayi haya, ta ce, "Ɗan nan, ka hau mani soro kafin ruwa ya sauka, shi ke nan." A gidanta Mairama ta sauka lafiya, a ƙofarta aka yanka ragon suna.

Mai Mabuɗai yakan bi ta lungun. Sai ya hango Dabo bisa soro, laka har gwiwar hannu, yana yaɓe yana alhamdu lillahi, har ya ɗago ya gaishe shi da fara'a. Abin na ba shi haushi. Ya ce a ranshi, dubi talaka, gidan aro ya samu yake murna kamar an naɗa shi sarauta.

Damina ta zo ta wuce. Ciyawa ta tsiro bisa sorayen da aka kulle. Farashi kuwa ya ƙara hawa, mutumin nan ya ga ai duk garin babu mai wayonshi.

Da bazara ta zagayo sai wani ɗan kwangila ya zo. Ba gidajen lungu yake so ba, gidan gadon mutumin nan yake so, don yana kallon titi. Ya taya tayin da ya sa kan mutumin ya juya. Ku ji ikon Allah. Gida ɗaya tak a duniya da ya kamata ya ce wa albarka, shi ya ce wa, "Na sallama." Ya kwashe iyalinshi ya kai su mafi girma cikin gidajen da ya kulle. Kuɗin kuma ya ƙara sayen wasu, igiyar mabuɗai ta ƙara nauyi.

Kubura ta shiga ɗaki ta ɗaga kai. Ta ce, "Malam, ɗakin nan warin ruɓa yake. Ka sa a hau a duba mana kafin ruwa."

Ya ce, "Gidan da zan sayar da kaka shi zan zuba wa kuɗi? Ki yi haƙuri, zaman ɗan lokaci ne."

Shekarar aka yi marka mai yawa. Sama ta ɗinke, rana ta ƙi leƙowa. Indararo a toshe, ruwa ya kwanta bisa soraye yana ratsawa har kan azara. Rariya a toshe, tsakar gida ta zama tafki tana cin gindin bango. Babu wanda ya gani, don ƙofa a kulle take.

Aka fara kawo mashi labari. Gidanka na bayan kasuwa ya zauna. Na kusa da marina bango ya tsage. Wani katangarshi ta faɗa gidan maƙwabci, ta danne awaki ta fasa rumbu. Yana ta zarya cikin ruwa, in ya buɗe kwaɗo ya tura ƙyaure sai ya ga sararin sama inda ya bar ɗaki.

Ran wata Juma'a yana masallaci, Kubura na tankaɗe a ɗaki sai ta ga ƙasa na zubo mata cikin gari. Ta ɗaga kai ta ga azara ta sunkuyo. Ba ta tsaya ɗaukar ko mayafi ba. Ta suri ƙaramin, ta tura sauran waje cikin ruwa. Ƙafarta ke nan ta fita, soro ya rufto, rim!

Aka tare shi a ƙofar masallaci. Ya zo a guje ba takalmi. Ya tarar da tsibin laka inda gadon 'ya'yanshi yake. Ya waiga, sai ga su tsaye jikin uwarsu, sharkaf, suna rawar ɗari, babu ko ƙwarzane. Ya durƙusa cikin caɓi yana cewa, "Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi." Wallahi ya daɗe rabon bakinshi da wannan kalma.

Sai ya sa hannu aljihu ya zaro mabuɗai, yana juya su ɗaya bayan ɗaya, yana neman inda zai kai iyalinshi. Wanda bai faɗi ba, ba mai hankalin da zai kwana ciki. Gidan ubanshi kuma yana tsaye garau a bakin titi, amma na wani ne.

Yana nan durƙushe sai ga Dabo, da buhu a ka. Bai yi mashi gori ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, sannu. Allah ya tsare gaba. Iya ta ce ku taho." Ashe shi da Mairama har sun tattara kayansu ɗaki guda sun share ɗayan.

Mutumin nan ya tsaya a zauren Iyatu ya kasa ɗaga ido. Kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya lalubo 'yan canjin da suka rage mashi, ya miƙa da hannu biyu. Ya ce, "Iya, ga wannan tukuna. Nawa zan riƙa biya?"

Tsohuwa ta dubi hannunshi. Ta ce, "Albarka."

Ya san abin da kalmar ke yi wa mutum, don shi ya saba jifa da ita. Har ya juya zai ce wa Kubura su koma.

Iyatu ta ce, "Ina za ka? Albarka na ce, mai da kuɗinka aljihu. Shigo mani da yaran nan su ji ɗumi, ga kunu bisa wuta."

Nan ya fashe da kuka, babba da shi, a gaban mata da yara.

Dukiya kam ba ta dawo ba. Wasu kangayen suka tafi wurin gyara wa maƙwabta ɓarnar da aka yi masu. Sauran kuma, an yanka sabbin filaye bayan gari, masu kuɗi sun koma ginin bulo da kwano, ba mai taya kangon lungu da daraja. A gidan aro ya ƙare rayuwarshi. Amma duk bazara za ka gan shi bisa soron Iyatu tare da Dabo, laka har gwiwar hannu. In aka ce mashi ina gajiya, sai ya ce, "Godiya nake, gidajen aka karɓa, aka bar mani raina da 'ya'yana."

Ya 'yan uwa, neman riba ba haramun ba ne. Ka saya ka sayar, Allah ya sa albarka. Amma ka kulle abin da mutane ke tsananin buƙata kana jiran wahalarsu ta ƙaru, wannan zalunci ne. Ka sallama sannan ka janye don ka hango ƙari, wannan saɓa alkawari ne. Yau ma gari ya cika, ɗaki na wuya. Wa ke cikinmu da mabuɗi a aljihu, alhali ya san mai kwana a rumfa?

Duk wanda ya fito daga ƙarƙashin rufi ya zo nan, nashi ne ko na haya ko na aro, ya ce alhamdu lillahi. Ku ɗaga murya mana, ba kuɗi za a karɓa ba! Madalla.

Allah ya saka wa irin su Iyatu da gidan Aljanna. Allah ya gafarta wa wannan bawa, ya karɓi tubarshi. Allah ya rufa mana asiri, ya ba marar gida gida, ya ba mai gida zuciyar buɗe ƙofa. Allah ya kiyaye mu da albarkar baki wadda ba ta kai zuci ba. Amin.