Dutsen da Duk Gari Ya Sha

Akwai wani mutum a garinmu, nan kusa da Idar-Oberstein, ana ce masa Eberhard Kuhnle. Da ya yi ritaya sai ya karanta rabin littafi a kan duwatsu. Tun daga ranar ba wanda ya sake kai ƙarshen magana a gabansa. Kana buɗe baki zai ce, "Na sani, na sani." An ce likitan haƙori ma bai samu yi masa bayani ba sai da ya cika masa baki da auduga.

Duk kaka, ƙungiyarmu ta masu tara duwatsu takan baje koli a zauren wasanni na gari. Da rana a ci miyar dankali, da yamma alƙalai su zaɓi dutse mafi kyau da wani ɗan ƙungiya ya saya a ranar. Sai a sa shi a akwatin gilashi a ofishin magajin gari, da sunan mai shi, har shekara ta zagayo.

Shekara da shekaru sunan Detlef ne a akwatin nan, yayan matar Eberhard. Bana Eberhard ya rantse sai an karanta nasa.

Tun safe yake zagaye tebura, matarsa Irmtraud na biye da jaka. Wannan ya ƙwanƙwasa shi ya ce fenti ne. Wancan ya ɗaga shi ga fitila ya ce kwalba ce. Masu kaya suna hango hularsa sai su fara duba waya.

"Ebi, ƙafafuna sun gaji," in ji Irmtraud. "Ka sayi wani abu, ko ka mayar da ni gida."

Sai ya ci birki a teburin Frau Oltmanns, wata ƙatuwar mata da ke zuwa daga nesa duk shekara. Ga wani dutse ya kai dunƙulen hannu biyu, shuɗi garai-garai, kusurwoyinsa kamar an yanka da wuƙa. Akwai 'yar takarda a ƙasansa, amma Eberhard ba ya sa tabarau a gaban mutane.

"Wannan daga ƙarƙashin ƙasa sosai aka haƙo shi," in ji matar. "Sai dai, Herr Kuhnle, ka kula kada..."

"Na sani, na sani. Naɗe min."

"Abin da nake so in ce, shi wannan ba ya son..."

"Frau Oltmanns, ni za ki koya wa dutse?"

Matar ta hura hanci, ta juya ga Irmtraud. "Ke ko za ki saurara? Gishiri ne, kuma..."

Amma Irmtraud ta riga ta juya tana kiran mijinta, don ya sure dutsen ya yi gaba ya bar ta da biya. Hayaniyar zauren ta cinye sauran maganar.

A hanya Eberhard ya ci karo da Detlef, yana cin kek yana murmushin nan nasa.

"Suruki, me ka tsinto? Kai, ya yi kyau. Sai dai ƙura ta dusashe shi. Da ni ne..."

"Na sani, na sani!"

Detlef dai cewa zai yi a goge shi da busasshen tsumma. Shi kuwa Eberhard ya faɗa kicin ɗin zauren. Ba kowa ciki, matan sun fita jera kujeru. Ga babbar tukunya cike da ruwa a kan wuta kaɗan-kaɗan. Ya sa yatsa, ya ji ɗumi daidai wanka. Ya lallaɓa dutsen ciki, ya rufe, ya ce bari ya jiƙa ƙurar ta saki.

Ya fita ya ce minti biyu zai yi. Sai ya samu wani baƙo da ya yi kuskuren tambayarsa hanyar bayan gida, ya tsare shi da tarihin duwatsun yankinmu.

Ana nan Hannelore, uwar kicin, ta dawo. Ta juye dankali da albasa da karas, ta ƙara wuta, ta zuba gishirinta kamar kullum.

Da rana aka zauna cin abinci. Cokali na farko, kowa ya yamutse fuska. Na biyu ba wanda ya kai baki. Ina wurin, jama'a. Wani tsoho haƙoran robarsa suka tsuke har ya kasa cire su. Magajin gari ya shanye ruwan tulun furanni.

"Hannelore, kin fara soyayya ne?" wani ya yi ihu, don a nan haka muke tsokanar wadda ta cika gishiri.

"Soyayyar me, da jikoki? Ku bar ni in ga tukunyata!"

Ta zura ludayi, ta ji ƙwas. Ta ciro wani ɗan abu kamar goro, shuɗi-shuɗi, dankali ya manne masa. Eberhard ya miƙe, fuskarsa ta koma kalar madara.

"Dutsena!"

Frau Oltmanns ta ajiye cokali. "Gishiri ne, Herr Kuhnle. Gi-shi-ri. Ba ya son ruwa. Na gode wa Allah, yau na kai ƙarshen magana."

Eberhard ya buɗe baki, kowa ya jira kalmomin nan biyu. Irmtraud ta ɗaga yatsa ɗaya.

"Ebi, in ka faɗa, a gareji za ka kwana."

Detlef ya share hawayen dariya ya ce, "Suruki, ka yi haƙuri, alƙalai sun riga sun ɗanɗana dutsenka. Sun ce ya yi yawa."

Hannelore ba ta yi dariya ba. Ta ajiye buhun dankali a gabansa, ta miƙa masa wuƙa. Yana cikin fere a kicin ya jiyo tafi daga zaure, ana kiran sunan Detlef.

Darasi: Wanda ba ya barin a gama yi masa magana, rabin da ya yanke shi ne rabin da yake bukata. Ka yi shiru ka ji har ƙarshe, ba za a rage maka girma ba. Ku tura wa wani "na sani" da kuke da shi a gida, ko Allah zai sa ya karanta har layin nan.