Kifin Ƙarya da Sunan Jariri

Ku gyara zama, ku masu son gardama, yau na kawo muku wadda za ta sa kununku ya huce a kwano.

A wani ƙauyen masunta a bakin gulbi an yi wani mutum, Labaran, da matarsa Hansai. Ta haifa masa ɗa namiji a tsakiyar sanyi, irin sanyin nan da ake alwala ana cije haƙora. Haihuwa ta zo lafiya, amma nono ya ƙi saukowa. Aka dama kunun kanwa, ta kurɓa ta ture. Aka gasa nama, ko kallo. Ita dai romon ɗanyen kifi ranta ke so, ba banda ba. Ungozoma ta ce in ta ci abin da take marmari nono zai zo, kuma a yi hanzari, don ba ta son yadda kukan yaron ke raguwa.

Kunya da tsoro suka haɗu wa Labaran. Masunci ɗan masunci, a ce gidansa babu kifi! Amma kun san halin gulbi da sanyi. Manyan kifi sun sauka can ƙasan gurbi cikin duwatsu, inda taru ba ya shiga ya fito lafiya. Ƙananan kifin da ake maƙalawa a ƙugiya kuwa, da sun isa zurfi sai su sandare, giwan ruwa ko shinshinawa ba ya yi. Labaran ya yi fatsa har hannu ya mutu, ya dawo wayam. A zaure, gaban jama'a, ya ce duk wanda ya yi sanadin kifi ya shiga tukunyar Hansai, shi zai yi wa takwara da yaron nan.

Amininsa Shitu maƙeri ne, mutumin da ko ƙarnin kifi ba ya so. Ya ce shi bai san kamun kifi ba, amma in abin da ke da rai yana sandarewa, me zai hana a ƙera wanda ba shi da rai tun farko? Ya ɗauko cokalin tagulla, ya yanke mariƙin, ya bubbuge shi ya yi siffar ɗan kifi. Ya jefa a kwatarniyar da yake kashe ƙarfe, abin ya nutse tsulum kamar dutse. Ya ciro, ya lanƙwasa, ya sake jefawa. Haka ya yini, ya bar garemanin mutane a wuta, har sai da ya samu lanƙwasar da ke sa abin ya sauka a hankali, yana juyi yana walƙiya. Ya huda shi gaba da baya, ya ɗaura ƙugiya.

Da Labaran ya gwada, ya ji kifi ya zo ya zunguri abin ya tafi. Ƙugiya tsirara ce, giwan ruwa kuwa ba wawa ba ne. Nan ƙanin Hansai ya shigo, Ilu, baduku. Ya fara da gashin zabo, ruwa ya jiƙa shi ya manne. Ya koma jar fata, ya yanka siri-siri ya rufe ƙugiyar da ita, sai ya ga ruwan sanyi yana sandarar da ita ta miƙe ƙyam kamar tsinke. Wani da nan zai ce ya yi iyakarsa. Ilu kuwa ya zauna ya dinga murza fatar da man kaɗe, yana tsomawa a randar da ta kwana a waje, yana cirowa, har yatsunsa suka tsage. A ƙarshe ya samu wutsiya mai laushi, wadda ko numfashi ka yi kusa da ruwan sai ta kaɗa.

Da sassafe Labaran zai tura jirgi, sai ga Kawu Zakari, wan mahaifiyarsa, a ƙudundune cikin bargo. Tsohon masunci ne, amma ya daɗe da barin ruwa saboda rawar hannu, ko kunu sai an riƙe masa ludayi. Tun da ciwon ya same shi ba ya zuwa bakin gulbi, don kada yaran da ya koya wa kamun kifi su ga yadda ya koma. Ranar dai ya haɗiye kunya ya shiga jirgi, ya nuna wa Labaran wani lungu a gindin dutse da shi kaɗai ya san zurfinsa.

Labaran ya jefa, ya ja. Ya jefa, ya ja. Hankalinsa na gida, hannunsa na sauri, irin jan da ya saba yi da bazara lokacin da kifi ke da ƙarfin bin abu a guje. Ba abin da ya taɓa. Hawaye suka cika masa ido.

Kawu ya ce, "Ɗan nan, ba ni zaren, ka hura hannunka."

Tsoho bai ja ba ko kaɗan. Ya bar abin ya sauka har ƙasa, ya ɗaga shi kamar taƙi ɗaya, ya riƙe. Hannun nan nasa na ta karkarwa, zare na kai karkarwar ƙasa, kifin tagulla na makyarkyata wuri guda kamar ɗan kifin da sanyi ya kusa kashewa. Ai kuwa sai zare ya miƙe, jirgi ya karkata. Labaran ya karɓa, aka yi ta fama, har aka ciro giwan ruwa wanda sai da mutum biyu suka ɗauke shi zuwa gida.

Hansai ta sha romo har da neman ƙari. Kafin gari ya sake wayewa nono ya sauko, yaro ya kama, kukansa ya dawo har maƙwabta na ƙorafi. Labaran ya yi farin cikin da bai taɓa yin irinsa ba.

Ranar suna aka shimfiɗa tabarmi, aka raba goro. Ga Shitu, ga Ilu, ga Kawu Zakari, a jere. Ba wanda ya tuna wa Labaran alkawari, amma kowannensu ya sa rigarsa ta Salla. Labaran ya dube su. Ba don Shitu ba, babu abin da za a jefa. Ba don Ilu ba, kifi ya zungura ya wuce. Ba don Kawu ba, da har yau ana ja da sauri a inda babu komai, ko da yake shi tsohon cewa yake bai yi wata dabara ba, lalurarsa ce kawai. Liman ya sunkuyo, ya miƙo kunne, ya ce, "Malam Labaran, wane suna?"

To, yaro ɗaya ne, alkawari ɗaya. Ku da kuka iya magana, in ku ne Labaran, sunan wa za ku raɗa wa liman?