Ajiyar Mangwaron Barmo

An ce wai a wani gari na bakin hanyar fatake an yi wata tsohuwa, Iya Goshi, mai ɗa ɗaya tilo, Barmo. Tun yana saurayi ya dasa mangwaro a tsakar gida, kuma in itacen ya yi 'ya'ya sai ya riƙa zolayar mutane yana cewa, "Kada wanda ya taɓa mini 'ya'yana." Matarsa ta rasu ta bar masa yara biyu, Dela da Talle. Da zaman gida ya ishe shi, sai ya shiga ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro. Ranar tafiya ya tsaya a gindin itacen, yaran na riƙe da rigarsa, ya ce, "Iya, ga 'ya'yana nan amana. Kada su lalace kafin in komo."

Ayari ya je ya dawo, babu Barmo, babu mai labarinsa.

Iya Goshi ta san 'ya'yan da yake nufi sarai, kuma ba ta rage yaran da tuwo ba. Amma kewa ta yi mata yawa. Duk sa'ad da mangwaro ya ƙosa sai zuciyarta ta ce bana Barmo zai dawo, kuma abin da zai fara nema ke nan. Sai ta tsinke shi ta adana, ta kasa, ta tsare. Yara na haɗiyar yawu, ita tana duban hanya, har abin ya ruɓe ta binne shi a bayan ɗaki tana kuka. Haka kowace shekara.

Rannan aka kama Talle a lambun wani yana satar mangwaro, aka zane shi. Kawun yaran, Na'Allah, ya fusata, ya kai ƙara gaban Alƙali Sambo a ba shi 'ya'yan ƙanwarsa ya riƙe.

Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, itace na gidansu, yaro na sata a waje. Tsohuwar nan ta fi tausayin mangwaro a kan jikokinta."

Iya Goshi ta san in aka ɗauke yaran nan, ba ta da sauran abin da ke motsi a gidan. Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, ba rowa ba ce. Ajiya ce, mai ita kuwa bai zo ba. Da wane ido zan dube shi in ya tarar an cinye?"

Alƙali ya auna maganar. In ya raba ta da yaran ya kashe ta da ranta, in ya bar su haka yaro ya tashi ɓarawo. Can sai ya ce, "Iya, koya mini. Yaya kike adana mangwaron?"

Nan fa bakin tsohuwa ya buɗe. Ta ce ba ta bari ya faɗo ƙasa, da hannu take tsinka da ɗan karansa. Ba ta wanke shi. Nunanne daban, ɗanye daban, don nunanne yakan ja na kusa da shi. Sai ta jera a randa, ta dasa randar cikin jiƙaƙƙen yashi a inuwa, ta rufe da jiƙaƙƙen tsumma, kullum tana dubawa tana fitar da mai tabo.

"Madalla. Yana kaiwa baɗi?"

Ta sunkuyar da kai. "Ko wata ba ya yi."

Alƙali ya ce, "Ashe kin yi iyakar abin da randa ke iyawa, amanar kuma tana lalacewa a hannunki duk shekara. To, ni na san mazubin da mangwaro ba ya ruɓewa a ciki, kuma kina da shi har biyu a gida. Barmo ya bar miki 'ya'ya iri biyu da kalma ɗaya. Na hukunta ki zuba waɗannan cikin waɗancan. Ranar da Allah ya dawo da shi, sai ki nuna masa kumatun Dela da dantsen Talle, ki ce ga ajiyarka, ko ɗaya bai zube ba. Na'Allah, yara suna wurin kakarsu muddin ta bi wannan."

Iya Goshi ta koma gida, ta buɗe randa, ta miƙa wa kowannensu guda. Talle ya huda nasa da haƙori ta ƙasa, ya matsa yana tsotsa, ruwan na gangarowa har gwiwar hannu. Babu wanda ya koya masa, amma haka ubansa yake sha. Ta zauna daɓas, hawaye na zuba, ta ce, "Ƙara wani, Barmo." Ba wanda ya gyara mata sunan.

Ko Barmo ya dawo, ni dai ba a gaya mini ba. Abin da na riƙe shi ne, in kana kewar wanda ya yi nisa, rabonsa ka ba waɗanda ya bari a gabanka, don a nan ne kaɗai zai jira shi bai lalace ba.