Gwaggo Mai Ƙaho Ɗaya

Akwai wani mutum mai suna Habila, yana da garken shanu Bunaji, farare tas, masu baƙin kunne da baƙin hanci. Shekara goma sha biyu yana kiwonsu, bai taɓa yarda an haɗa su da wani iri ba. Maƙwabta suna ta yi masa dariya, wai ya maƙale wa shanun kakanni.

A cikin garken akwai wata tsohuwar saniya, yaran gidan suna kiranta Gwaggo. Ƙahonta ɗaya ne, ɗayan ya karye tun ranar da ta tare kura a kan ɗan maraƙinta. Tozonta ya kwanta, tafiyarta ma sai a hankali. Amma kullum ita ce a gaba in za a fita kiwo, sauran suna bin sawunta.

Ana nan sai aka yi shela za a yi nunin shanun gargajiya a cikin gari. Habila ya ce a ransa, ranar da masu dariya za su yi shiru ta zo. Ya cire wa shanun kaska, ya wanke su a rafi, ya shafa wa ƙahoninsu man gyaɗa har suna ƙyalli. Da safiyar ranar ya ɗaure Gwaggo a turke.

Matarsa Afiniki ta ce, "Baban Tabita, Gwaggo fa?"

Ya ce, "Haba Maman Tabita! Wurin nuna kyau za mu, ba asibiti ba."

Ta ce, "To, Allah ya kai ku lafiya."

Da ƙyar da sanda ya kai su gari. A ƙofar filin kuwa ga tutoci suna kaɗawa, ga lasifika tana ƙara. Shanun suka ja suka tsaya cik. Ya yi fito, ya yi lallashi, ya ja babban bajimin da igiya, ko motsi. Dokar wurin ita ce, wanda aka kira sau uku bai shigo ba an wuce shi. Aka kira Habila sau ɗaya. Aka kira sau biyu. Wani maƙwabcinsa ya ɗaga murya ya ce, "Habila, ko amare ka kawo mana ne? Sai an saya musu baki?" Jama'a suka kwashe da dariya. Gumi ya jiƙa masa riga.

Sai ya ji wani kuka da ya sani daga bayansa. Yana waiwayawa, ga Gwaggo tafe tana jan guntuwar igiya, ga Afiniki a bayanta, takalmi a hannu, tana haki.

Ta ce, "Ba ni na kwance ta ba! Tun da kuka fita take kuka, har ta tsinke igiyar. Ni biyo ta na yi."

Gwaggo ba ta dubi tuta ba, ba ta kula da lasifika ba. Ta ratsa garken, ta shige ƙofar kamar gidansu ne. Bajimin ya sunkuyar da kai ya bi ta, karsanai da maruƙa suka jeru a baya.

Alƙalin nunin, wani dattijon likitan dabbobi, ya zagaya bajimin ya ce, "Wace saniya ta haifi wannan?"

Habila ya sunkuyar da kai, ya nuna Gwaggo. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a kansa ma ta rasa ƙahon."

Dattijon ya ce, "Na ga bajimai da yawa yau. Amma kai kaɗai ka nuna mini uwa da ɗa da jikoki, jini ɗaya."

Garken Habila ya zo na fari. A ƙahon nan guda aka rataya lambar yabo. Afiniki ta rangaɗa guɗa, Habila yana dariya yana share hawaye, ya rungume wuyan saniyar ya ce, "Gwaggo, ki yafe mini."

Ma'anar wannan misali ita ce, 'ya'yana: garken nan mu ne, jama'ar Ubangiji. Gwaggo kuwa su ne tsofaffinmu da ke zama a bencin baya, muryarsu tana rawa, ba sa ganin baƙaƙen littafin waƙa. In ranar babban taro ta zo mukan sa masu sabon kaya a gaba, mu manta da su. Amma raunin da ke jikinsu a kanmu suka same shi. Kuma ranar da muka iso wata ƙofa mai ban tsoro, ciwo ko rashi, su ne suka san yadda ake shiga da bangaskiya, gama sun daɗe suna bin Makiyayi. Allah bai ji kunyarsu ba, kada mu ji.

Saboda haka wanda ya bar wata Gwaggo a gida yau, Lahadi mai zuwa ya riƙo hannunta su zo tare. Ita ce za ta shiga gaba.