Sunan Da Ya Gagari Kurfi

A can ƙasar Misra, tun zamanin da kogin Nilu ke cika ya batse ya koma don kansa, an yi sarakuna gida-gida, wannan gida ya hau ya sauka, wancan ya hau ya faɗo, har masu ƙirga su suka gaji suka koma ƙirga awakinsu. Mutanen nan suna da wata al'ada mai kyan gaske. Duk sarkin da ya hau, tun kafin ya tambayi ina rumbun hatsi, sai ya kira masu kurfi da guduma su bi dutse-dutse, bango-bango, su kankare sunan wanda ya gada, su ɗora nasa. A wajensu kuwa wanda aka goge sunansa ya mutu sau biyu, ta biyun ma ta fi ciwo, don ba a zaman makokinta.

To a cikin gida na kaza aka haifi Yarima Usarmana ɗan Sarki Tafnakara, dogo sambalele, kyakkyawa son kowa, mai kirari bakwai, kowanne ya fi ɗan'uwansa tsawo: Rana Mai Hana Kallo, Bijimin Gabas Da Yamma, Kada Mai Kwana Da Ido Buɗe, sauran ni ma numfashina ba ya kai su. Da ubansa ya kwanta ciwon ajali, Yarima ya leƙa kasuwa ya ga kurfi ya yi tsada, maƙera sai wasa shi suke suna murmushi. Ya ce a ransa, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Yau shi zai kankare, gobe shi za a kankare.

Ya tafi sallama wajen uwarsa, Gimbiya Natari. Shi ɗan fari ne, ba ta taɓa kama sunansa ba don kunya, kamar dai mu nan. Ya durƙusa ya ce, "Uwar daular Misra, zan tafi wajen Sarkin Aljanu in roƙo sunan da kurfi ba ya ci."

Ta ce, "To, a sauka lafiya. Ka ɗauki mayafi, ka san ka da mura."

Ya haye kogi ya yi yamma, ya ratsa rairayi ja-ja-wur mai dafa ƙwai, ya wuce wani ƙaton zaki mai kan mutum amma ba hanci, wanda ya tambaye shi ko ya tsinci hanci a hanya, har ya isa wani birni shiru-tsit, ganuwarsa zinariya, titunansa azurfa. Ciki sarakuna ne jingim, kowa da kambinsa, kowa da gemunsa na aro ɗaure a haɓa, sun yi zugum. Waɗannan su ne waɗanda aka kankare. Ba mai suna, sai "kai" da "kai wancan". In an ce "kai", duk birnin ya amsa.

Wani tsoho tukuf ya tare shi ya ce, "Samari, daga wane gida?"

"Jikan Sabuhatab Mai Gine-gine ne ni, ranka ya daɗe."

"Mai gine-gine! Ni na gina, shi ya sa hannu. Ga shi can ƙarƙashin dabino yana gyangyaɗi. Ubanka ya gama da shi, tabarma ɗaya muke yanzu. Mu ajiye maka wuri?"

Yarima bai tsaya shan ruwa ba.

Bayan wuya da wahala, ya isa fadar Sarkin Aljanu Damdamu, a ƙarƙashin tsaunin da kogin ke ɓuɓɓugowa, fada mai ginshiƙai dubu, kowanne na lu'ulu'u garai-garai, fadawanta masu kan dila da kan shaho da kan kyanwa, sun jeru reras. Ya yi gaisuwa irin ta sarki da sarki, ya faɗi buƙatarsa.

Damdamu ya shafa gemu ya ce, "Ya kai ɗan sarakuna, baƙonmu mai daraja, abin da ka roƙa ƙarami ne. Sai dai mu aljanu ba ma hatimce sunan aro. Zauna kan karagar can, ka ba mu baya. Za a kira sunayenka. Wanda ka waiwaya a kansa shi ne naka, shi za mu tofe, ƙarfe ba zai ƙara cin sa ba har tashin duniya."

Yarima ya hau ya harɗe. Sanƙiran aljanu ya ɗaga murya, "Rana Mai Hana Kallo!"

To kun san sarauta. Tun yana rarrafe ake kwaɓarsa: sarki ba ya waiwaye, sarki ba ya amsawa da bakinsa, sai dai a amsa masa. Wuyan nan ya sandare ƙyam. Ya ce a ransa, in na juya tun a na farko, sai su ce ɗan talakawa ne, bari a kai na bakwai, ya fi tsawo.

"Bijimin Gabas Da Yamma!" Ko gezau.

"Kada Mai Kwana Da Ido Buɗe!" Sai ƙara kumbura yake, daɗi har kunne.

Ana tsakanin na shida da na bakwai, sanƙira ya tsaya haɗiyar yawu, sai wata aljana 'yar tsohuwa mai shara a bayan ginshiƙi ta ari muryar Gimbiya Natari ta ce, "Kai Kwaɗo! Ina mayafin?"

Firgigit ya juya. "Na'am, Inna?"

Ashe shekarar da aka haife shi ruwa ya yi ambaliya, kwaɗi suka cika fada har ɗakin jego, shi kuma ya zo da kumatu bul-bul, uwar ta samu abin kira.

Fada ta ɗauka gaba ɗaya, "An hatimce! Ran Kwaɗo ya daɗe!"

Yarima ya diro ya ce, "Ya Sarkin Aljanu, adali ɗan adali, a sake kira, ban shirya ba."

Damdamu ya ce, "Da ka shirya, ai da ba naka ba ne. A gaida Inna."

Ya komo Misra da tambura da kakaki, aka naɗa shi, ya auri 'yar Sarkin Kush, ya sa aka gina masa dala wadda ta tokare sama, aka zana kirarinsa bakwai daga gindi har ƙoli. Da gari ya waye, sai ga zanen ɗan kwaɗo a jikin dutsen, zaune daram ƙarƙashin rubutun, ya kumbura kumatu. Sarki ya sa a kankare. Kurfi ɗari suka karye. Shi ne sarki na farko a Misra da ya biya a goge sunansa, kuma aka kasa.

Ya yi zamaninsa ya wuce. Sabon gida ya hau, kafin azahar an share Rana, an share Bijimi, an share Kada, sumul kamar tafin hannu. Kwaɗo na nan. Gidaje suka yi ta hawa suna faɗuwa, Kwaɗo na nan. Can a birnin marasa suna, tabarmar da aka ajiye masa har ta ruɓe bai zo ba. An ce tsofaffin sarakunan nan in damina ta faɗi suka ji kwaɗi na kuka, sai kakansa ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Kun ji jikana. Ni da ko Ƙadangare aka ce mini, ai da na gode."

Mulki na Allah ne, Shi kaɗai ba a kankare Shi. Allah Ya bar mu da mai kiranmu, ko da wane suna ne.